Ƙusar Da Na Buga A Bangon Baba

Kafin ku fara zagina a ƙasan shafin nan, ku yi haƙuri in kai ƙarshe. Na san wasunku za su ce da su ne da tun ranar farko sun faɗi gaskiya. To, faɗa da baki ai ba wuya. Ni dai ga yadda aka yi.

Ranar Litinin da safe ina gugar doguwar rigata ruwan toka, wadda nake sawa in tafi shagon maganin da nake aiki, sai mai karanta mitar ruwa ya yi sallama. Shi wannan mutumin ba ya sallama. Takardarsa yake zurawa ta ƙasan ƙofa ya yi gaba. Ranar kuwa cewa ya yi a kira masa mai gida.

Baba ya fito da tabarau a kan karan hanci. Shekara talatin ya yi yana riƙe da ɗakin ajiyar kaya na wani kamfani kafin ya yi ritaya, kuma har yau ko allura ce ta ɓace a gidanmu sai an yi zama a kanta.

"Ranka ya daɗe," in ji mai mitar, "rini kuka fara a gidan nan ko wankin motoci?"

"Rini kuma?"

"To ruwan da kuka sha wannan karon, na gida takwas ne."

Baba ya karɓi takardar, ya matso da ita kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake matsowa. "Kuɗin wata takwas a wata ɗaya? Mu uku ne fa a gidan nan, ni da matata da autarmu. Raƙuma muke kiwo?"

Mutumin ya ce a rufe duk famfunan gidan. Mama ta rufe na kicin, ni na duba na banɗaki, muka fito muka tsuguna a gaban mitar da ke bakin ƙofa. Akwai wata 'yar jar allura a cikinta. Ba famfon da ke buɗe, amma ita sai juyawa take kamar fanka.

"Kun gani? Ruwa ba ya tsami banza. Wani wuri yana yoyo, kuma ba ƙaramin yoyo ba."

Ban ma tuna da dutsen guga ba sai da Mama ta ce, "Ke Auta, me ke ƙauri?" Na ruga na tarar ya zana min hoton kansa a bayan rigar.

Bari in koma baya kaɗan ku fahimci abin da ya ɗauke min hankali.

Bara ne Baba ya sa aka sauya duk bututun gidanmu. Amininsa ne ya yi aikin, dattijon da unguwa take kira Baba Mai Famfo. Tun kafin a haife ni suke tare. Da yake lokacin hutun makaranta ne, sai ya zo da ɗansa yana taya shi, wani malamin lissafi a sakandare wanda sai ya sunkuya kafin ya shigo ƙofarmu. Dogo ake ce masa. Kwana tara suka yi suna aikin, kwana tara ina kai musu shayi. A rana ta tara Dogo ya ce sukari ya yi kaɗan, in ba shi lambata don gobe ya tuna min. Ku ji fa, aikin ya ƙare, wace goben? Amma na ba shi.

Da aka gama shafe bango aka yi fenti, Baba ya tara mu ya kafa doka. "Duk wanda ya buga min ƙusa a bangon nan, ni da shi ne." Kalanda ma da salatif yake manna ta.

Sati shida da suka wuce Dogo ya kawo min madubi. Zagayayye ne, shi ya yi masa katakon da hannunsa, ya goge shi har yana sheƙi. A bayansa ya rubuta da biro: "Don ki riƙa ganin abin da nake gani." Ku gaya min tsakani da Allah, madubi irin wannan a ƙasa ake jingine shi?

Wata Asabar da rana Baba da Mama suka tafi dubiya asibiti. Na ɗauko guduma da wata doguwar ƙusa a kwalin tarkacen Baba, na zaɓi wuri kusa da tagar ɗakina, daidai tsayin fuskata. Bugu ɗaya, biyu, uku. A na huɗu sai na ji ƙusar ta shige da sauƙi, sai wani sauti siriri kamar na maciji, sai ɗigon ruwa ya biyo ƙusar ya sauka a kan babban yatsana. Na manta shaf cewa banɗaki ne a bayan bangon.

Na tauna cingam biyu na liƙe gindin ƙusar. Ɗigon ya tsaya. Na tura durowar kayana ta rufe wurin, na naɗe madubin a tsohon zane na cusa shi ƙarƙashin gado. Kullum da safe sai in zura hannu in taɓa bangon. Danshi ne kawai, ɗan kaɗan. Na ce wa kaina ai ya toshe. Ashe ruwan ta cikin bulo yake bi yana gangarawa ƙasa, sati shida, ba dare ba rana.

Yanzu kun gane.

Baba bai ko karya ba ranar. Ya kashe ruwan gidan daga bakin mita, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce, "Na san inda matsalar take."

"Ina?" in ji Mama.

"Aikin ha'inci. Kuɗin bututu mai kauri na biya, aka sa min na banza."

"Haba Malam, amininka ne fa. Ka bari a duba tukuna."

"Amini shi ke cin mutum ai. Bare ina ya san hanyar aljihuna?"

Ina tsaye riƙe da ƙonanniyar rigata. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Amma Baba ya juyo ya ce, "Ke ba za ki aiki ba ne?" sai na ji kaina ina cewa, "Yanzu zan tafi."

Abin da ban gaya muku ba shi ne, Asabar mai zuwa ce manyan Dogo za su zo wurin Baba a yi maganarmu. Mama har ta sa an wanke labulen falo, ta sayo sababbin kofuna shida masu bakin zinare.

A shago ranar sau biyu ina ba mutum canjin da ba daidai ba. Wata mata ta ce maganin tari, na miƙa mata na ciwon ido. Wajen sha ɗaya wayata ta yi ƙara, saƙon Dogo ne.

"Auta, me ya faru a gidanku?"

"Me ka ji?"

"Babanki ya zo shagon Baba. A gaban masu sayen kaya da maƙwabta ya ce masa maha'inci. Ya ce shekara talatin yana cin amanarsa bai sani ba."

"Innalillahi. Me babanka ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya rufe shago ya dawo gida. Tunda nake ban taɓa ganin ya rufe shago da rana ba."

Na rubuta: "Dogo, ni ce na" sai na goge. Na sake rubutawa: "Akwai abin da" na goge. Shi kuma yana can yana ganin alamar ina rubutu.

"Kina ta rubutu kina fasawa. Kar ki damu, ba laifinki ba ne. Tsakanin manya ne."

Ba laifinki ba ne. Na kifa wayar a kan kanta, na shiga bayan durowar magunguna na tsaya ina kallon kwalaye.

Da na tashi daga aiki na kira Yayata, wadda take aure a wata unguwar. Ita kaɗai na iya gaya wa. Ta fashe da dariya, sannan ta daina.

"Ke Auta, cingam?"

"Yaya, ba abin dariya ba ne."

"To saurara. Ki ja bakinki ki yi gum. Su manya yau su yi faɗa gobe su shirya. Ke kuwa in kika yi magana, har ki tsufa a gidan mijinki sunanki mai fasa bango. Uwar miji ba ta mantuwa. Ki bari Asabar ta wuce."

"In ba a yi Asabar ɗin ba fa?"

"Za a yi. Ki zare ƙusar ki yar, shi ke nan. Wa ya gan ki?"

Na koma gida da niyyar zarewa. Na ja durowar kaɗan, na leƙa. Fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, fumfuna ta yi baƙi daga ƙusar har ƙasa, bayan durowar ya jiƙe ya fara wari. Na kama ƙusar da yatsu, ko motsi ba ta yi ba. Na mayar da durowar na zauna a bakin gado.

Kwana uku gidanmu ba ruwa. Baba yakan buɗe shi minti goma da safe, yana tsaye a kan mitar da agogo a hannu, ni da Mama muna gudu da bokitai da tukwane da robar wanki. "Saura minti biyu!" Ko'ina ka juya a tsakar gida ruwa ne a rufe da faranti. Mama ta daina raira 'yan waƙoƙinta a kicin. Ni kuwa in na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da na miƙe yi. Na share ɗakina sau uku a yini ɗaya. Abinci in na sa a baki kamar auduga.

"Wai ke lafiyarki?" in ji Mama. "Kin zama kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki."

"Kaina ne ke ciwo."

"Zancen Asabar ne ko? Ki yi ta addu'a. Babanki in ya hau, sai ya ga dama yake sauka."

Ranar Laraba Baba ya je ofishin ruwa. Suka ce masa in yoyon a ɓoye yake cikin bango, kuma mai gyara ya rubuta shaida cewa lalacewa ce ba ganganci ba, za a iya rage masa wani abu. Ya dawo ya kira wani mai gyaran daban, mutumin ya zagaya gidan ya ce sai an fasa tayil ɗin banɗaki da na kicin gaba ɗaya. Baba ya raka shi ƙofa da "sai na neme ka."

Da yamma saƙon Dogo ya shigo.

"Gobe in na tashi makaranta zan zo da jakar kayan Baba. Shi ya rantse ba zai taka gidanku ba. Ni na san inda kowane bututu ya bi, da hannuna na riƙe su."

"Kar ka wahalar da kanka."

"Wahala? Sunan mahaifina ne fa, Auta. In aikinmu ne ya lalace in gani da idona. In ba shi ba ne, kowa ya gani."

Na tura masa: "Allah ya kai mu."

Alhamis na nemi izini na dawo gida da wuri. Na sa riga shuɗiya, na cire, na sa baƙa, na cire, na koma shuɗiyar. Na ɗaura ɗankwali ya ƙi zama. Ƙarfe uku da 'yan mintuna Dogo ya yi sallama, da farar rigarsa ta makaranta, alli a gefen hannun, tsohuwar jakar fata a kafaɗa. Ya durƙusa ya gai da Baba. Baba ya amsa da hanci.

"Baba, izini nake nema in duba."

"Duba mana. Ai ku kuka san abin da kuka binne."

Ya naɗe hannun riga. Ya roƙi a buɗe ruwan. Sai ya ɗauko doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a bango, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin. Haka ya bi kicin taku-taku, Mama na biye da shi, ni ina biye da Mama. Ya shiga banɗaki, ya saurara a nan, ya saurara a can. A bangon da ke bayan ɗakina ya tsaya. Ya rufe ido.

"Mama, mene ne a bayan nan?"

"Ɗakin Auta ne."

"A nan yake. Amma ta wancan gefen ya fi kusa."

Mama ta shige gaba ta ɗage labulen ɗakina, tana cewa, "Shigo, ɗana, ai lalura ce." Ya shigo a sunkuye, bai kalli komai ba sai bango. Ya sa kafaɗa ya ture durowar.

Warin ya bugo mu. Mama ta ce, "Subhanallahi! Ke Auta, kina kwana da wannan ba ki ji ba?" Ta juya da sauri ta tafi ɗauko tsumma da bokiti.

Muka rage mu biyu, ƙofa a buɗe. Ga ƙusa nan tsaye a tsakiyar baƙin danshin, da busasshen cingam ruwan hoda a gindinta. Dogo ya dube ta. Ya dubi tsayin wurin. Ya juyo ya dubi fuskata, daidai tsayin. Malamin lissafi ne, bai buƙaci a gaya masa ba.

"Madubin?" ya ce a hankali.

Na gyaɗa kai. Hawaye suka zubo.

"Tun yaushe?"

"Sati shida."

"Ranar Litinin da nake miki saƙo, kin sani?"

Na sake gyaɗa kai. Da ya yi tsawa da ya fi min sauƙi. Sai kawai ya ɗauko filaya, ya murɗa ƙusar ya zare ta. Ruwa ya yi tsartuwa ya jiƙa masa farar rigar. Ya jefa ƙusar a aljihun wandonsa daidai lokacin da Mama ta dawo.

Aka kashe ruwan. Ya fasa bangon da guduma da wani ƙarfe mai baki, siminti na zubowa a kan ledar ɗakina. Da bututun ya bayyana sai ga shi ya tsage a tsaye, tsawon tafin hannu. Baba ya shigo, hannu a baya.

"To, malam, me ka gani?"

Dogo bai ɗago ba. "Bututun ne ya tsage, Baba."

"Ya tsage! Bututun shekara ɗaya! Kin ji ko?" Ya juya wurin Mama. "Kika ce in bari a duba. Ga shi an duba, ɗansa ne ma ya duba." Ya koma kan Dogo. "Ka je ka gaya wa mahaifinka, takardar ruwan nan shi zai biya ta. Zancen Asabar kuma a dakata. Ba zan haɗa zuri'a da inda ake rufe ha'inci da siminti ba."

Ina kallon Dogo ta gefe. Hannunsa na dama yana kan aljihun, ya danne shi. Aka zagi mahaifinsa a gabansa karo na biyu, ga amsar a aljihunsa, ya ce, "To, Baba."

Wannan "to" ɗin ce ta karya ni. Maganar Yaya, tsoron Baba, sunan da za a sa min, duk suka bi ruwa.

"Baba, ni ce."

Ba wanda ya ji, don muryar ba ta fita ba. Na sake faɗa da ƙarfi har na tsorata kaina.

"Ni ce, Baba! Ƙusa na buga."

Na durƙusa na jawo madubin daga ƙarƙashin gado, na warware zanen. Na faɗi komai, ranar, gudumar, cingam ɗin, durowar. Mama ta dafe ƙirji ta zauna a bakin gado. Na ce, "Dogo, fito da ita."

"Auta..."

"Don Allah fito da ita."

Ya zaro ta ya ɗora a tafin Baba. Baba ya gyara tabarau. Ya juya ƙusar, ya kai ta jikin bututun, ya sa bakinta a ɗan ramin da tsagar ta faro. Ta zauna daram.

Na jira tsawa. Na jira ma mari, duk da bai taɓa marina ba. Sai Baba ya fita. Muka ji ya shiga ɗakinsa, muka ji ƙarar durowa. Da ya fito ya sauya kaya, ya sa farar rigarsa mai aiki a wuya, wadda Mama ta goge ta ajiye masa don Asabar.

"Ɗauko mayafinki," ya ce da ni. "Kai ma taho."

Tafiyar minti goma sha biyar ce zuwa layin masu kayan gini. Baba a gaba, ni a tsakiya, Dogo a baya da jiƙaƙƙiyar riga. Ni dai ina ta ƙirga ramukan titi.

Baba Mai Famfo yana zaune a ƙofar shagonsa a kan benci, yana naɗa farin zare a bakin wani famfo. Gajere ne, ba kamar ɗansa ba, da furfura a gemu da hannaye kamar itace. Ya gan mu, ya ci gaba da naɗinsa.

Baba bai je wurinsa kai tsaye ba. Sai da ya leƙa shagon mai fenti, ya leƙa na mai tayil, ya yafito mai shayin da ke tsallake. "Ku zo. Ranar Litinin kuna nan na yi magana, yau ma ina so ku ji."

Suka taru. Baba ya ɗaga ƙusar sama.

"Na ce wa mutumin nan maha'inci. Ƙarya na yi masa. Aikinsa lafiya lau yake. Ga abin da ya fasa bututun, daga gidana ta fito, 'yata ce ta buga. Ni kuma ban bincika ba na zo na ci mutuncin amini." Ya juya, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Ka yafe min."

Shekarata ashirin da huɗu, ban taɓa jin kalmar nan daga bakin Baba ba. Ko Mama ba na jin ta taɓa ji.

Dattijon ya ajiye famfon. "Mayar da hularka," ya ce. "Tsufa ya kama mu, ba ma jure rana." Ya matsa masa a benci. Baba ya zauna. Mai shayi ya ce alhamdulillahi, mutane suka fara watsewa.

Na ɗauka an gama. Sai dattijon ya ɗago ya dube ni.

"Matso, 'yata."

Na durƙusa a gabansa.

"Ƙusa ba komai ba ce. Na ga wanda ya fasa bututu da ƙafar gado. Amma ranar da babanki ya zo nan, kin san ke ce?"

"Na sani, Baba."

"Litinin, Talata, Laraba, yau Alhamis. Kwana uku ina kwanciya da sunan maha'inci, kina kwanciya da gaskiyata a bakinki."

Na sunkuyar da kai ina kuka. Mayafina ya jiƙe.

"Wa ya tona?"

Baba ne ya amsa. "Ita ta faɗa da bakinta. Shi wannan," ya nuna Dogo, "a aljihu ya sa ƙusar. Na zage ka a gabansa ya ce min to."

Baba yabo yake nufi, na sani. Amma na ga yadda fuskar dattijon ta sauya. Ya juya ya kalli ɗansa tun daga takalmi har kai, kallo mai tsawo.

"A aljihu," ya ce.

"Baba, na so ne in..."

"Ban tambaye ka ba."

Ya miƙe ya shiga shago, ya fito da sabon bututu guda da gwangwanin gam, ya jingine su a bakin ƙofa. Ya ce wa Baba takardar shaida zai rubuta, amma abin da ya faru zai rubuta, ƙusa ce, in sun rage sun rage, in ba su rage ba shi ke nan. Na ce daga albashina za a riƙa cira har a gama. Baba ya ce, "Da ma."

"Gobe ƙarfe bakwai zan zo in gyara da hannuna," in ji dattijon. "Ba na son ɗan taya. Ita za ta riƙe min fitila ta miƙo min kaya."

"Zancen Asabar fa?" Baba ya tambaya a hankali. Shi da ya ce a dakata, yanzu shi ke tambaya.

"Asabar jibi ce. Gobe tukuna."

A hanyar dawowa Dogo bai biyo mu ba. Na tura masa saƙo tun kafin mu kai gida: "Ka yafe min." Ya shiga, ya karanta, ba amsa. Na sake turawa: "Ka yi magana ko zagi ne." Shiru. Yaya ta kira sau huɗu ban ɗauka ba. Mama ta shigo ta taya ni kwashe simintin da ya zube, ba ta yi min faɗa ba, sai da za ta fita ta ce, "Gobe ki sa tsohuwar riga. Kuma duk abin da ya tambaye ki, kar ki yi masa kwana."

Yau Juma'a. Tun shida na yi wanka da rabin bokiti, na sa tsohuwar rigar da nake wanki da ita, na ɗaure kaina tamau. Na duba waya, har yanzu ba komai. Bakwai saura biyar na ji tsayuwar babur a ƙofar gida.

Ni na buɗe. Baba Mai Famfo ne shi kaɗai, bututun ɗaure a bayan babur ɗin. Na gaishe shi, idona yana leƙen bayansa ko zan ga Dogo.

"Ba ya nan," ya ce. "Wayarsa ma tana wurina. Tun jiya bai ci abinci ba, ni ma ban ce ya ci ba."

Ya sauke wata jakar kayan aiki ya miƙo min. Na karɓa da hannu ɗaya, ta kusa kai ni ƙasa, na sa hannu biyu.

"Gyaran nan rabin awa ne," ya ce, yana kwance igiyar bututun. "Amma ni da ke za mu kai awa biyu. Tambaya ɗaya ce da ni, kuma ba na son babanki ko mamanki su taya ki amsa. Wuce gaba, nuna min bangon."